Kada mu zaunar da tsofaffinmu

Yau maganarmu a kan iyayenmu da kakanninmu take, na birnin Tawa da na arewacin Adar.

Kowa ya san halin ƙasar nan. Da an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai samari da magidanta su ɗauki jaka su tafi biɗa. Wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya ko Kamaru. Daga Barmu zuwa Afala, daga Kalfu zuwa Takanamat, wanda ya shiga gari da rani, mata da yara da tsofaffi zai fi tararwa.

A wannan lokaci tsoho yakan sami kansa cikin ɗayan hali biyu. Ko dai aikin gida duka ya koma kansa, ya yi ta wahala har ya faɗi. Ko kuwa ɗa ya aiko da kuɗi, a shimfiɗa masa tabarma a ce: "Baba, ka huta, kada ka taɓa komi." Hali na farko kowa ya san cuta ne. Na biyun ne ba mu lura da shi ba, domin da ƙauna ake yin sa.

Jikin da ba ya motsi lalacewa yake yi. Naman cinya ya saki, gwiwa ta sandare, ciki ya ɗaure, barci ya ƙi zuwa da dare. Ƙarfin da tsoho ya rasa cikin kwanciyar mako ɗaya, sai ya yi makonni bai dawo da shi ba. Wata rana ya tashi zai kewaya, ƙafa ta kasa ɗaukarsa, ya faɗi. Idan ƙashin ƙugu ya karye, da yawa ba su ƙara tashi. Shi ya sa muke cewa a rage wa tsoho kaya, amma kada a raba shi da tafiya.

Tafiya nawa ta isa?

A shekarar 2020 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara ga masu shekara 65 zuwa sama. Ta ce su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Ba dole ba ne a yi shi gaba ɗaya. Mu yi lissafi. Idan tsakanin gida da masallaci tafiyar minti 3 ce, zuwa da dawowa minti 6 ne. Sau biyar a yini, minti 30 sun cika. Abin da ake so shi ne a ɗan ɗaga ƙafa, har numfashi ya ƙaru kaɗan, amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa.

Iyayenmu mata, da suka fi yin salla a gida, su ma suna da tasu hanya. Zuwa barka, gaishe da maras lafiya, kai wa ƴar uwa fura a wata unguwa, ko zagaya kasuwar Lahadi ta Tawa da sanyin safiya. Zumunta a ƙafa take, lafiya ma haka. Jika ya daina cewa: "Kaka, zauna in kai miki." Ya riƙe mata ƙwaryar, su tafi tare.

Game da su akwai abin tunawa. Tun daga 1984, da aka fara aikin raya karkara na Kaita, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa a kan tuddai. Wadda take da shekara 25 a lokacin, yau ta haura 60. Bayanta da gwiwoyinta sun riga sun biya bashin ƙasa. Irin wannan uwa ba ta cancanci tulu ko damin itace ba kuma. Tsinkar zogala, ba tumaki dusa, saƙar faifai da kaɗi da mazari sun ishe ta. Suna motsa yatsu da kafaɗa, kuma ba su karya baya.

Haka dattijo mai lambu a fadamar Tadis. Ya bar wa yara jan guga da haƙar rijiya. Shi ya zagaya fangalin albasa, ya cire ciyawa, ya nuna inda ruwa bai kai ba. Wanda ba shi da lambu ya tuƙa igiya da kaba, ko ya raka awaki bakin gari ya dawo.

OMS ta ƙara da cewa tsofaffi su riƙa yin abin da ke ƙarfafa ƙafa da hana tangaɗi, kwana uku a mako ko fiye. Wannan ba ya bukatar ko dala. A zauna a kan kujera mai ƙwari, a tashi, a sake zama, kamar sau goma. A dafa bango, a ɗaga ƙafa ɗaya, a ƙirga zuwa goma, a sauya. Wanda ya ji kunyar idon jama'a ya yi a cikin ɗaki.

Dara da hira

Zuciya ma tana son abokin zama. Tsohon da ƴaƴansa suka yi nisa, sa'o'insa suka rasu, yakan yi shiru, ya rage cin abinci, ya fara mantuwa. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne. Sau da yawa kaɗaici ne.

Kakanninmu sun bar mana dara. Gurbi 30 a cikin rairayi, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Mai dara yana ƙirga, yana tuna inda aka kasa, yana hangen abin da abokin wasa zai yi. Ga dariya, ga gardama, ga labarin gari. A ganinmu, majalisar dara a gindin bedi ta fi zaman ɗaki da rediyo nesa ba kusa ba. Aibinta ɗaya ne: tana riƙe mutum a zaune tun hantsi har azahar. Saboda haka in an gama wasa biyu, a miƙe a taka kaɗan. Shayin majalisa kuma a rage masa sukari.

A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, inda Kantu na Maradi ya yi nasara. Samarin da suka yi kallo a wannan shekara su ne dattawan yau. Idan ana kokowa a fagen Hamidin Mai Dare, ko a dandalin ƙauye bayan kaka, a kai su, a nema musu inuwa. Za a ji bakin da ya daɗe a rufe ya buɗe. Da dare kuma a kashe salula na ɗan lokaci, a tura yara wurin kaka ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici.

Inda za a yi hattara

Zafin Afrilu da Mayu a Adar yana wuce digiri 40. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, ko da jikinsa yana bukatar ruwa. A ajiye masa randa kusa, a riƙa tuna masa. Tafiya a yi ta bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Ran da ƙura ta rufe gari, mai tari ko fuka ya motsa a cikin gida.

Mai ciwon sukari kada ya fita ba takalmi. Ƙaya ɗaya tana iya zama gyambo. A duba tafin ƙafarsa kowane maraice. Wanda yake yawan tuntuɓe a duba idonsa, domin yanar ido ana cire ta a asibiti, gani ya dawo. A kawar da turmi, igiyar dabba da kwanoni daga hanyar da yake bi da dare, a ba shi tocila da sanda.

Idan ana cikin tafiya ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya ɗebi mutum, ko numfashi ya yi wuya, a tsaya nan take, a kai shi gidan likita mafi kusa a ranar. Wanda ya daɗe a zaune, ko yake da hawan jini, ya je a auna shi kafin ya fara. Makon farko tafiyar minti 5 ta isa, daga ƙofar gida zuwa bakin rijiya. Mako na biyu a ƙara minti 5.