Dukiyar da Ke Ɓoye Cikin Ruwan Zafi

Da sunan Allah, wanda ya halicci ruwa da wuta, ya hore su ga bayinsa. Bayan haka:

A ƙasar Kazaure, har da Roni, mata sun daɗe da sanin gumin shinkafa. Sukan jiƙa shanshera, su aza tukunya, su rufe ta har tururi ya ratsa ƙwaya, sa'an nan a shanya, a surfa. Manyan injinan casa na Kano, inda fatake ke kai shanshera, aikin nan suke yi, sai dai tukunyarsu ta ƙarfe ce rufaffiya, kuma ta bututu tururinta ke tafiya.

Mai karatu ya sani, a buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yakan tafasa a wajen digiri 100, ba ya wucewa. Amma in aka toshe ta, matsi ya ƙaru, sai ruwan ya yi ta ɗaukar zafi. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irin wannan tukunya tun 1679. In matsin ya ninka na iskar duniya sau 8, ruwa ba ya tafasa sai ya kai digiri 170.

To, tururin da ya gama ɗumama injin busar da shinkafa yakan koma ruwa cikin bututu, da zafinsa da matsinsa. In aka sake shi a kwata, nan take wajen kashi 13 cikin 100 nasa zai tashi tururi, ba tare da an ƙara ko itace ɗaya ba, domin zafin da ke ɗaure cikinsa ya sami ƙofa. Farin gajimaren da ake gani bayan ma'aikata ke nan, kuɗin mai da na buntu suna bin iska.

Masu dabara ba sa yarda da wannan hasara. Sukan kafa tanki a tsaye, mai ƙaramin matsi, su shigar da ruwan ta gefensa. Tururi ya fita ta sama, a kai shi ya ɗumama ruwan jiƙo. Sauran ruwan ya sauka ta ƙasa, a mayar da shi tukunya. Ga shi da zafi, ga shi tatacce, ba ya barin dattin da ke daskarewa jikin ƙarfe. Wuta guda ta yi aiki biyu.

Sai dai akwai sharaɗi. Lita guda ta ruwa takan zama tururi mai cika lita wajen 1,700. Saboda haka tankin da ba shi da mashaƙa mai buɗe kanta in matsi ya yi yawa, tarko ne ga rayukan lebura.

Attajirin da ke niyyar kafa injin, ya tambayi makaniki inda ruwan zafinsa zai zuba tun kafin a aza tubali. Malamai sun karantar cewa Shari'a ta hana ɓarnar ruwa ko a wajen alwala, balle ruwan da aka ƙona dukiya aka dafa. Allah ya sa a amfana. Tamat.