Albasar Galmi da karatun manomi

Ƴan uwa manoma, albasar Galmi ta yi suna har Akara da Abijan. Amma a kasuwar Abijan tana da kishiya: albasar ƙasar Holan, mai zuwa cikin jirgin ruwa, tsintacciya, kilo 25 kowane buhu. Tamu ta fi ta yaji da ɗanɗano, wannan babu gardama. Inda suka tsere mana shi ne ilimi. Manomin can yana karanta takardar taki da ta magani, yana rubuta abin da ya kashe, ya san ribarsa. Namu kuwa, in bai iya lissafi ba, dillali ke yanka masa kuɗi, alhali buhun ya haura kilo 100, ga hula bisa. Wadda ta rage ta ruɓe cikin rudu.