Honda Accord: Abin da Kowane Zubi Ya Zo da Shi

A wuraren sayar da motoci na Kano da Kaduna, da wuya ka ji dillali ya kira Honda Accord da shekarar da aka ƙera ta. Halla zai ce maka, ko Bulldog, ko Baby Boy, ko EOD, ko Evil Spirit. Mai saye ma da fitilar baya yake gane wacce ce wacce. Sai dai abin da ya raba zubi da zubi ya wuce fitila nesa ba kusa ba. Motar da ta fara fitowa a 1976 yanzu tana zubi na 11, kuma kusan duk sauyin da aka yi mata, an yi shi ne don biyan buƙatar mai saye a Amurka: tsadar mai, dokar hayaƙi, ko son faɗin wurin zama. Mu kuwa sai ta shekara goma ko fiye a hannun wani take iso mu, don haka gadon waɗannan sauye-sauye muke ci, da daɗinsu da wahalarsu.

Rikicin man fetur na 1973 ne ya share mata hanya. Da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka mai, sai manyan motocin Amurkawa masu zuƙar fetur suka zama kaya a wuyan masu su. Kamfanin Honda na Japan, wanda a lokacin an fi sanin sa da babura, ya riga ya fito da ƙaramar Civic a 1972. A watan Mayun 1976 ya ƙara da Accord, wadda ta ɗan fi Civic girma. Ƙofa uku gare ta, injinta lita 1.6 ne mai ƙarfin doki 68, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Abin taƙamarta shi ne injin CVCC, wanda yake ƙona mai sosai har ya cika sharuɗɗan dokar tsabtar iska ta Amurka ba tare da an saka masa matatar hayaƙi a salansa ba. Mai ƙofa huɗu, wato motar iyali sosai, sai a 1977 ta fito. A nan gida a wancan zamani ba a ma san ana yi ba, domin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ita ce motar mai iyali.

Zubi na biyu tarihi ya kafa fiye da fasaha. A watan Nuwamban 1982 aka fara ƙera shi a garin Marysville na jihar Ohio, ya zama motar kamfanin Japan ta farko da aka ƙera a Amurka. Tun daga nan Accord ta fara zama 'yar Amurka a ɗabi'a, ko da yake sunan gidansu na Japan ne. Zubi na uku, na 1986 zuwa 1989, shi ne mai fitilun da suke ɗagowa daga bonet in an kunna. A kansa ne aka saka wa kowace taya hannuwa biyu masu riƙe ta, na sama da na ƙasa, irin tsarin motocin tsere. Wannan tsari shi ya ba Accord zaman da take yi daram a kan kwana, kuma shi ne daga baya ya jawo mata baƙin suna a titunanmu. A 1989 ta zama motar da aka fi saya a Amurka baki ɗaya, ta kuma riƙe wannan matsayi har 1991.

Zubi na huɗu, na 1990 zuwa 1993, shi ne Halla, kuma da shi ne Accord ta samu gindin zama a Arewa. Na Amurka injinsu lita 2.2 ne mai injakta, wasu na sauran kasuwanni kuma lita 2.0 ne mai kafireto. Mota ce mai faɗin gilashi, direba yana ganin ko'ina, kuma in ka buɗe bonet babu abin da ya ɓuya. Bakanike da sifana da sukundireba zai gama da ita a ƙarƙashin bishiya. Abu guda ne ba ta yafewa: bel ɗin taimin. In ya tsinke mota tana tafiya, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, aikin da canjin bel a kan kari zai hana sai ya koma sauke kan inji. Haka abin yake har kan zubi biyu da suka biyo ta.

Bulldog, ta 1994 zuwa 1997, ita ta zo da VTEC, dabarar da take sauya yadda bawul ke buɗewa gwargwadon gudun inji, a samu sauƙin shan mai a cikin gari da ƙarfi a babban titi. A kanta kuma aka fara saka inji mai silinda shida a 1995. A zubi na shida, na 1998 zuwa 2002, Honda ta raba ƙirar gida uku: ta Amurka daban, ta Japan daban, ta Turai daban. Shi ya sa Baby Boy da wadda ake kira Hennessey sa'o'in juna ne, sunansu ɗaya a takarda, amma fitilar wannan ba ta hawa kan waccan. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka neman kaya ya ce wa mai shago “Accord 2000” kawai, yana iya komawa gida da abin da ba zai yi masa amfani ba. A wannan zubi ne kuma giyar otomatik ta fara ba da kunya, musamman a masu silinda shida, har kamfanin ya tsawaita garantin giyar wasu shekarun a Amurka.

Sai EOD ta 2003, wadda aka yi wa kwaskwarimar baya a 2006 aka koma kiran ta DC. Injinta mai silinda huɗu, lita 2.4, yana daga cikin mafi ƙarko da Honda ta taɓa yi, kuma sarƙa yake amfani da ita maimakon bel. Mai silinda shida, mai ƙarfin doki 240, shi har yanzu bel ne. Amma ba inji ake tunawa ba in an ambaci EOD. Duk mai bin titi ya taɓa ganin ta a tsakiyar hanya ta durƙusa a kan hanci, tayar gaba ta kwanta gefe guda, mai ita yana tsaye riƙe da ƙugu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tayar gaba tana haɗe da hannun ƙasa ta wani ƙarfe mai kan ƙwallo da ke juyawa cikin kwasfarsa, wanda kanikawa ke kira boljoyin. A wannan tsari na Honda, nauyin gaban motar jan ƙwallon yake yi kullum kamar zai zare shi daga kwasfar. Wata 'yar roba ce take rufe shi, tana riƙe giris a ciki. Da zarar ta yage, ruwan damina da ƙurar hunturu su shiga, giris ya bushe, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe, ramukan titi kuma suna ƙara masa duka. Kafin ya fita yakan yi gargaɗi: ƙara in an murɗa sitiyari, ko ƙwanƙwasa in an hau gargada. Mai mota ya ƙara sautin rediyo. In ma ya canza, sau da yawa jabu mai araha ake ɗaura masa. A titunan Amurka da kayan gyara na asali wannan bai zama abin magana ba. A ganina laifin ya rabu ne tsakanin ƙira da titi da aljihu, kuma na ƙira shi ne mafi ƙanƙanta.

Evil Spirit, ta 2008 zuwa 2012, a nan ƙiba ta kai maƙura. Tsawonta ya haura mita 4.9, cikinta kuma ya yi faɗin da har hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da ita daga sahun matsakaita ta saka ta cikin manyan motoci. Mai silinda shida ta koma lita 3.5, da dabarar kashe wasu silindodi in mota ta miƙe hanya don rage shan mai, dabarar da ta sa wasu masu ita kukan shan baƙin mai. Lokacin tallafin fetur manyan injina abin ado ne. Tun da aka cire tallafin a watan Mayun 2023, mai irin wannan mota ya san lissafin da yake yi a gidan mai.

Daga 2013 Honda ta juya akala. Ta rage wa motar tsawo, ta ajiye tsarin hannuwa biyu a gaba ta koma mai sauƙi irin na galibin motoci, ta kuma saka wa masu silinda huɗu giyar CVT, wadda ba ta da matakan ɗaya, biyu, uku, sai bel na ƙarfe da ke zamewa tsakanin fule biyu. Wannan zubi na tara ne aka fara harhaɗawa a masana'antar Honda da ke Ota a jihar Ogun a 2015, shekarar da kuma aka daina sayar da Accord a Turai. A zubi na goma, na 2018, aka yi bankwana da silinda shida gaba ɗaya. Inji lita 1.5 mai turbo ya maye gurbin mai lita 2.4, yana ba da doki 192, wato ƙasa da injin 1976 a girma amma kusan ninkinsa uku a ƙarfi. Mai kuloci ta ƙare a 2020. A zubi na 11 da ya fito a 2023, yawancin samfuran masu haɗa fetur da batir ne. A Amurkar ma yayinta ya ja baya, iyalai sun koma wa masu tudu irin CR-V.

Inda gizo ke saƙar shi ne, motar ta sauya, hannun da ke gyara ta bai sauya da saurinta ba. Halla tana jure baƙin mai mai kauri da ɗan jinkirin juye. Sababbin injina an ƙera su ne da siraran hanyoyin mai, kamfani ya rubuta 0W-20 a murfi, amma har yau akwai garejin da zai ɗura musu 20W-50 da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Akwai mai cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, kwamfutar motar ta ɗauka inji bai yi ɗumi ba ta yi ta ƙara fetur. Giyar CVT kuwa man ta na musamman ne, in aka zuba mata na otomatik na gama-gari ba ta daɗewa. Saboda haka ban yarda da masu cewa sababbin ba su da ƙarko ba. Ƙarkonsu yana da sharaɗi ne, kuma wanda ba zai iya cika sharaɗin ba, tsohuwar mai silinda huɗu ta fi masa rufin asiri.

Akwai wani gado da ya fi duk waɗannan haɗari, kuma dillali ba zai ambata maka shi ba. Accord masu yawa na shekarun 2001 zuwa 2007, da wasu na bayansu, suna ɗauke da jakar iska ta kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da raɓa, ta yadda in an yi karo sai gwangwaninsa ya fashe ya watsa wa na cikin mota ɓaraguzan ƙarfe. Ya kashe mutane a ƙasashe da dama, aka janye miliyoyin motoci don canza shi kyauta, Takata kuma ya durƙushe a 2017. Motar da aka loda a jirgin ruwa kafin a yi mata wannan gyara, haka ta shigo mana ta Legas ko Kwatano, tana shan ranar Sakkwato da Maiduguri.

Mai karatu, in kana da Accord ta waɗannan shekaru ko kana shirin saye, duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In 'yar Amurka ce, shigar da lambar a shafin intanet na hukumar NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi mata ba. Daga nan ka sa bakanike ya ɗaga gaban motar ya duba robar boljoyin kafin ka ɗauki iyali ka hau hanya.