Jan Hankali Ga Masu Kiwon Kifi A Miga Kan Na'urar Watsa Abinci

Muna jan hankalin masu tafkunan kiwon kifi a Ƙaramar Hukumar Miga cewa abinci ne ke lashe fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa. Don haka na'urar da ke watsa shi da kanta za ta iya jawo asara matuƙar ba a kafa ta inda ya dace ba.

A girke ta a gefen da iska ke tasowa, ta fuskanci wuri mai zurfi, nesa da mashigar ruwa da mafitarsa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Wanda bai sauya mata mazauni ba, iska za ta tattara abincin a gaɓa, tsuntsaye su samu rabonsu. Haka kuma a ɗora ta bisa dandamali mai tsayi, domin Kogin Haɗeja kan yi ambaliya a watannin Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a 2022.

Kada a saita ta da asuba, lokacin da iskar shaƙa ke ƙaranci a cikin ruwa. Ƙarfe 9 na safe da 5 na yamma sun fi dacewa. Abin da kifi bai cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa, ruɓewa zai yi ya gurɓata ruwan. A Disamba da Janairu sanyi na rage wa kifi ci, sai a rage awo, a kuma jinkirta ciyarwar safe har rana ta ɗaga.