Bidiyon Minti Ɗaya Da Rabi Da Ya Girgiza Kasuwar Reza

A watan Maris na 2012 wani ɗan Amurka mai suna Michael Dubin ya ɗora ɗan gajeren bidiyo a YouTube yana tallar reza. Lokacin ba wanda ya san da zaman kamfaninsa, Dollar Shave Club. Dala 4,500 kacal aka kashe, a yini guda aka ɗauki bidiyon cikin wani ɗakin ajiyar kaya. Kafin kwana biyu mutum 12,000 sun yi rajista, har shafin kamfanin ya tsaya cik saboda cunkoso.

Dubin ya taɓa koyon wasan barkwanci a New York, kuma da wannan ya ci kasuwa. Yana ratsawa tsakanin kwalaye, ko murmushi babu, yana yi wa manyan kamfanoni shaguɓe: me namiji zai yi da reza mai baki goma, mai karkarwa a hannu, har da tocila? Ya ce cikin dala 20 da mutum ke kashewa duk wata, 19 aljihun Roger Federer suke faɗawa, wato ɗan wasan tanis ɗin da ke yi wa kamfanin reza na Gillette talla a lokacin. Shi kuwa dala ɗaya a wata, ban da kuɗin aike, a kawo maka har gida.

Ana yawan cewa dariya ce ta sayar da kayan. A ganina dariyar ta yi dako ne kawai. Maza sun daɗe suna jin haushin tsadar reza, ga shi a shaguna da yawa a kulle take, sai ka nemo ma'aikaci ya buɗe maka. Dubin ya sosa musu inda ke yi musu ƙaiƙayi, kowa ya tura wa abokinsa, ya zama ɗan talla ba ko sisi.

Old Spice, mai kayan wankan maza, ta riga shi yin tallan barkwanci a 2010. Ta lura mata ne ke sayo wa maza yawancin sabulun wanka, sai ta sa ɗan wasan kwaikwayo Isaiah Mustafa ya fuskanci matan kai tsaye, daga banɗaki zuwa jirgin ruwa zuwa bayan doki. Amma ita da dukiyar Procter & Gamble a bayanta, uwar kamfanin Gillette ɗin ma.

Da shigowar su Dollar Shave Club, Gillette ta ji a jikinta. Kasonta a kasuwar Amurka ya sauko daga kusan kashi 70 cikin ɗari a 2010 zuwa 54 a 2016, sai ga ta tana rage farashi a 2017. A 2016 Unilever ta saye Dollar Shave Club kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala biliyan ɗaya, amma cinikin bai zauna mata yadda ta so ba: a 2023 ta sayar wa Nexus Capital Management mafi yawan hannun jarin.