Kada A Yi Saurin Zargin Ƙwaƙwalwar Mota

Mu da muka tashi da Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna, mun saba da injin da bakanike zai kasa kunne ya gane ciwonsa. In mota ta ƙi tashi sai a busa kafireta, a goge fulogi, a tura ta. Motocin da ake shigo da su yanzu ba haka suke ba. Ba su da kafireta. Wata 'yar kwamfuta ce, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, take auna yawan man da za a fesa wa inji, wasu kuma suna da turbo. Da irin wannan mota ta soma shaƙewa, maganar farko da akan ji a gareji ita ce, "Ƙwaƙwalwa ta ƙone." Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau.

Bari mu fara da aikin turbo. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar farfela, juyin da yakan wuce 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji. Ƙarin iska yana bukatar ƙarin mai. Fetur yana ƙonewa daidai in an haɗa awo 1 na mai da awo 14.7 na iska, bisa nauyi. Aikin kwamfuta shi ne ta riƙe wannan ma'auni. To, amma ba ta da ido. Da abin da na'urorin auna iska da zafi da hayaƙi suka faɗa mata take aiki. In sun ba ta labarin ƙarya, ko ta ba da umurni famfon mai ya kasa cikawa, sai ta rage ƙarfin inji da gangan don kada ya lalace. Direba ya taka totur, mota ta ƙi wuce gudun jaki. Wannan kāriya ce, ba lalacewa ba.

Saboda haka bincike yana farawa ne daga abu mai araha. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a saurara: famfon da ke cikin tanki yakan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa 2. In shiru, a duba fis da wayoyi tukuna. In yana kuka, a sa ma'aunin matsin mai. Yawancin motocin da ke fesa mai a bakin silinda suna son bar 3 zuwa 4. Amma a lura, famfo mai rauni yakan ba da wannan awo sa'ad da mota take tsaye. Sai an hau tudu, ko an zo wuce tirela a hanyar Funtua zuwa Gusau, turbo ya buɗe, sannan asirinsa ya tonu.

A nan ne yankinmu yake da nasa ciwo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, mutane da yawa suna yawo da tanki kusan wayam, alhali man da famfo yake nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, inda gidan mai yake da nisa. Ruwa ko tsaki kaɗan ya isa ya toshe matata da nozul. Ko man gidan mai ma ba kullum yake da tsabta ba: a farkon 2022 an shigo ƙasar nan da fetur mai yawan methanol, motoci da dama suka lalace. Ƙurar hunturu kuma tana cika matatar iska, ta dushe na'urar auna iskar da ke bayanta. In tiyon turbo ya tsage, iskar da aka riga aka auna takan tsere, mai ya yi yawa, sai a ga baƙin hayaƙi a salansa, a ji fito kamar na usur.

Akwai taimako. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lamba P0171 tana nufin iska ta fi mai yawa, P0087 matsin mai ya yi ƙasa, P0299 kuma turbo ba ya kai ƙarfinsa. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai. Ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Ɗalibanmu na kimiyya za su iya koyon karanta ta cikin hutu guda.

Ƙwaƙwalwa takan mutu, gaskiya ne, amma galibi da dalili: an wanke inji da tiyo ruwa ya shige ta, an juya kan batir, ko an yi walda ba a cire batir ba. In ba a yi ko ɗaya ba, kwamitin da ke riƙe da motar ikkilisiya ya nemi ganin awon mai da idonsa kafin ya fitar da kuɗin baiko. Sabuwar ƙwaƙwalwa tana da tsada, a motoci da yawa sai an daidaita ta da makulli, abin da kan kai mutum Kano ko Kaduna. In kuwa famfo ne mai laifi, motar za ta sake mutuwa, wataƙila tsakanin Ƙanƙara da Sheme da yamma, inda a shekarun nan na rashin tsaro ba wanda yake so ya tsaya ya buɗe bonet.