Yadda Duban Ƙarya Ke Zama Gaskiya A Abuja

Tun ran 12 ga Disamba 1991 da Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Ikko ta koma Abuja, masu duba suka bi sawunta. Inda mulki ya sauka, nan mai bugun ƙasa ke shimfiɗa buzunsa.

Jama'a kan ba da labarin malamin ƙarya wanda ya yi duba don neman na tuwo, sai ga magana ta tabbata. To, ina asirin yake?

In zaɓe ya gabato, 'yan takara kan yi sallama da dare, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne a zana masa yashi, a ce kujera tasa ce, amma ya kawo rago. Tilas ɗaya ya ci. Shi zai baza sunan malam daga Asokoro har Nyanya. Waɗanda suka faɗi kuwa, kunya ta rufe musu baki. In sun koma, a ce sadakarsu ce ba ta cika ba.

'Yan'uwa mazauna Kurmi su yi hattara da guminsu. Dokar laifuffuka ta Kudu ma, sashe na 424, ta yanka ɗaurin shekara guda ga mai duba don kuɗi. Sanin gaibu sai Allah.